Yadda Ake Riƙe Kwasa-kwasai Mabambanta a Jami'a Ba Tare da Wani Ya Suɓuce Ba

Ɗalibin da ya shiga jami'a yakan tarar da kwasa-kwasai bakwai ko takwas, wani lokaci goma, a zango ɗaya, kuma ba jinsi ɗaya ba ne. Mai karanta injiniyanci zai haɗu da lissafi da fiziks da kemistiri, ga kwas ɗin koyon rubutu, ga na tarihi ko falsafa da jami'a ta wajabta wa kowa. Mai karanta ilimin zamantakewa, wanda ya ɗauka ya rabu da lissafi ke nan, sai ya tarar ƙididdiga tana jiransa a gaba. Yawancin masu faɗuwa a irin wannan yanayi basirarsu lafiya lau take. Abin da ke kayar da su shi ne hanya ɗaya tilo suka sani ta karatu: a buɗe takardar malami, a karanta, a ja layi, a sake karantawa. Wannan hanya tana iya fitar da mutum a kwas ɗaya ko biyu, sauran kuwa ta watsa masa ƙasa a ido, domin kowane fanni da irin abin da yake nema a hannun ɗalibi ranar jarrabawa, kuma tun farkon zango ya kamata a riƙa yin wannan abin.

Aikin makon farko

Kafin ka buɗe littafi ko ɗaya, nemi takardar tsarin kowane kwas da ka yi rajistarsa. Ka ɗauki falle ɗaya ka ja layuka, kowane kwas da layinsa: yunit nawa ne (wato nauyin da jami'a ta ba shi), kashi nawa na maki ke kan gwaji da jinga, kashi nawa ke kan jarrabawar ƙarshe, yaushe ake miƙa aiki, kuma a kan wane kwas na baya aka gina shi. Daga wannan falle za ka hango makon da ayyuka uku ko huɗu za su cuɗe wuri ɗaya, galibi tsakiyar zango, tun da sauran damar jawo ɗaya gaba ka gama shi da wuri.

A makon nan kuma ka nemi tambayoyin jarrabawar shekaru uku zuwa biyar da suka wuce. An saba barin su sai jarrabawa ta matso, alhali babban amfaninsu a farko yake. Ba za ka iya amsa su yanzu ba, ba kuma shi ake so ba. Dubawa za ka yi ka ga irin aikin da suke ba da umarni a yi. Idan yawancinsu "nemo adadin kaza" ne ko "tabbatar da cewa", kwas ɗin na warware matsala ne. Idan "ambaci" ne da "zana ka sa sunaye", na riƙe bayanai ne. Idan kuwa "tattauna" ne da "kwatanta", to hujja ake nema. Ka rubuta jinsin kowane kwas a gefen sunansa, domin shi zai nuna maka yadda za ka kama shi.

Nauyin yunit

Ba duk kwas ba ne nauyinsu ɗaya a sakamako. Matsakaicin maki, wanda aka fi sani da GPA, ana samun sa ne ta hanyar ninka makin darajar da ka samu da yunit ɗin kwas, a tara duka, a raba da jimillar yunit. Wasu jami'o'i ma'auninsu a 4 yake tsayawa, wasu a 5. Mu ɗauki na 5, inda A ke da maki 5, B 4, C 3, F kuwa sifili.

Ɗalibi mai yunit 18 da ya samu B a komai yana da 72, a raba da 18, ya tashi da 4.00. Idan ya faɗi kwas mai yunit 2, sauran duk B, ya koma 3.56. Idan mai yunit 4 ya faɗi, ya sauko 3.11. Ɗaga kwas mai yunit 4 daga C zuwa B yana ƙara maki 4, ɗaga mai yunit 1 daga C har A yana ƙara 2 kacal. Amma sai ka ga ɗalibi ya kwashe kwanaki yana ƙawata aikin ƙaramin kwas ɗin da yake so, babban da yake tsoro yana ajiye.

Shekarar farko ita ce mafi arha wajen gina sakamako. Wanda ya tara yunit 100 a kan 3.00, ko da ya cinye A a duk yunit 20 na zango mai zuwa, 3.33 kawai zai kai. Gyara daga baya yana yiwuwa, amma a hankali yake motsi.

Sa'o'i nawa?

Ƙa'idar da jami'o'in Amurka suka daɗe a kanta ita ce kowace sa'a ɗaya a aji tana buƙatar aƙalla sa'o'i biyu na karatu a waje, tsawon zango na kusan mako 15. A tsarin Turai na ECTS kuwa, shekara ɗaya kiredit 60 ce, kowane kiredit yana nufin aikin sa'o'i 25 zuwa 30. Idan aka bi lissafin farko, mai yunit 18 yana da sa'o'i 18 a aji da 36 a waje, 54 ke nan a mako. Mako yana da sa'o'i 168. A cire 56 na barci, a cire 54 na karatu, saura 58 na sauran hidimomin rayuwa. Lokaci yana nan, sai dai ba ya rabuwa da kansa.

Kada ka raba sa'o'i 36 ɗin nan daidai wa daida. Ka fara da rabon yunit, sa'an nan ka rage wa kwas ɗin da kake da tushe a cikinsa ka ƙara wa wanda ke ba ka wuya. A jadawalinka kada ka rubuta "karatun kemistiri" kawai, domin wannan ba aiki ba ne mai farko da ƙarshe. Rubuta "tambaya 1 zuwa 12 na babi na 4". Kwasa-kwasai biyu ko uku a yini sun isa, kowanne zama na minti 45 zuwa 90, mafi wuyar kuma ya samu lokacin da kanka ya fi washewa. Ka bar rabin yini ɗaya a mako babu komai a cikinsa, don cike abin da ya kuɓuce, domin dole wani abu ya kuɓuce.

Abu biyu da suka shafi kowane fanni

Tun a 1885 masanin nan na Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, daga baya ta lafa. Don haka bitar da ta fi kowace daraja ita ce ta cikin sa'o'i 24 bayan lakca. Minti 15 sun isa. Sai a sake komawa bayan kwana uku, bayan mako, bayan mako biyu ko uku. Sa'o'i shida da aka rarraba a mako uku sun fi sa'o'i shida na dare ɗaya zama a kai, nesa ba kusa ba.

Abu na biyu shi ne yadda ake bitar. A 2006 wasu masu bincike, Roediger da Karpicke, sun ba ɗalibai rubutu su karanta. Wasu suka sake karantawa, wasu aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan kwana biyu, da kuma bayan mako ɗaya, waɗanda suka matsa wa kansu tunowa suka wuce su. A 2013 Dunlosky da abokan aikinsa sun auna dabarun karatu goma, biyu kawai suka ba babbar daraja: gwada kai da rarraba bita. Ja layi da maimaita karatu suna cikin na ƙasa. Dalilin da ya sa maimaita karatu ke yaudara shi ne ido ya saba da shafin, sai zuciya ta ɗauki sabo a matsayin sani. A ɗakin jarrabawa kuwa shafin ba ya nan.

Tsarin rubutun lakca na Cornell, wanda Walter Pauk ya fito da shi a shekarun 1950, an gina shi ne a kan wannan. Ka ja layi daga sama zuwa ƙasa ka ware kamar santimita 6 a hagu, ka bar santimita 5 a ƙasan shafi. A aji ka rubuta a ɓangaren dama, da kalmominka, ba kwafar kowace kalmar malami ba. Da yamma ka mayar da kowane batu tambaya a hagu, ka taƙaita shafin cikin layi biyu ko uku a ƙasa. Lokacin bita sai ka rufe dama ka amsa tambayoyin hagu da baki ko a rubuce.

Kwasa-kwasan warware matsala

Lissafi, fiziks, ƙididdiga, yawancin injiniyanci, aikin akanta da rubuta manhajar kwamfuta duk nan suke. A nan ne aka fi faɗuwa, kuma a nan ne karatun ido ya fi yin ɓarna. Wanda ya bi misalin da malami ya warware layi bayan layi yana gyaɗa kai bai iya komai ba tukuna. Ya dai ga wani ya iya. Aƙalla kashi biyu cikin uku na lokacin irin wannan kwas ya tafi a kan alƙalami da farar takarda.

Ga yadda ake cin moriyar misali. Ka karanta shi sau ɗaya, kana tambayar kanka a kowane layi me ya sa aka yi wannan matakin. Ka rufe littafin ka warware shi daga farko. Inda ka maƙale, ka leƙa layi ɗaya tak, ka sake rufewa. Sa'an nan ka ɗauki sabuwar tambaya mai kama da shi. Idan ta gagare ka, ka ba ta minti 15 zuwa 20 na ƙoƙari na gaskiya kafin ka duba amsa. Ƙasa da haka ba ka ba ƙwaƙwalwa damar aiki ba, fiye da haka kuma asarar lokaci ce da sauran kwasa-kwasai ke buƙata. Matakai huɗu da masanin lissafi George Pólya ya shimfiɗa a 1945 har yau suna aiki: fahimci tambayar, tsara hanya, bi hanyar, waiwaya ka duba. Na farko da na ƙarshe su ne ake tsallakewa. Rubuta abin da aka bayar da abin da ake nema kafin ka taɓa fomula, ka yi zane idan abin yana zanuwa. A ƙarshe ka duba ma'auni: idan gudu ake nema amsarka ta fito da mita ba mita a daƙiƙa ba, akwai kuskure a sama, ko da lambobin sun yi kyau.

Ka ajiye littafi na musamman na kura-kuranka. Kowane kuskure ka rubuta jinsinsa: ban gane ƙa'idar ba, na zaɓi hanyar da ba ita ba, ko na yi tuntuɓe a aljabara ko alamar ragi. Bayan mako uku za ka ga inda ciwon yake. Da yawa daga masu kuka da kalkulus, idan aka duba takardunsu, sabon darasin sun gane shi. Aljabara da tirigonometiri na baya ne ke kayar da su. Maganin wannan komawa baya ne na kwana biyu ko uku, ba ƙarin karanta babin da ake ciki ba.

Akwai kuma cuɗa tambayoyi. Littattafai suna jera tambayoyi iri ɗaya a ƙarshen kowane babi, sai ɗalibi ya san hanyar da zai bi tun kafin ya karanta tambayar. Jarrabawa kuwa a cuɗe take zuwa, kuma rabin aikin shi ne gane wace hanya ce ta dace. A binciken Rohrer da Taylor na 2007, ɗalibai sun koyi lissafin girman siffofi huɗu. Waɗanda suka yi atisaye iri-iri a jere sun fi yin kyau lokacin atisayen, amma a gwajin bayan mako ɗaya kashi 20 cikin 100 suka samu, masu cuɗawa kuma kashi 63. Saboda haka daga mako na huɗu, kowane ƙarshen mako ka tsinci tambayoyi goma daga babuka daban-daban, ka ɓoye lambar babin, ka warware. Za ka ji kamar ka koma baya. Wannan wuyar ita ce alamar ana koyo.

Irin waɗannan kwasa-kwasai kowane mako a kan na baya yake tsaye. Lakca biyu da ka rasa a tarihi kana iya cike su a kowane lokaci. Biyu a lissafi suna iya rufe maka ƙofar sauran zangon. Idan lokaci ya ƙure dole ka jinkirta wani abu, kada ya zama wannan.

Kwasa-kwasan riƙe bayanai

Ilimin sassan jiki, ilimin halittu, ilimin magunguna da koyon sabon harshe suna da tarin abubuwan da dole su zauna a ka. Ƙasusuwan baligi 206 ne, jijiyoyin da ke fitowa kai-tsaye daga ƙwaƙwalwa tagwaye 12 ne, kowanne da suna da aiki. A nan katunan tambaya suke da amfani: tambaya a gaba, amsa a baya, bayani ɗaya tak a kowane kati. Katin da aka cusa wa abu biyar ba ya gwaduwa, domin za ka tuna uku ka yafe wa kanka biyu. Tsarin Sebastian Leitner na farkon shekarun 1970 yana raba katuna gida-gida: gida na farko kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku mako-mako. Wanda ka amsa daidai ya hau gaba, wanda ka kuskure ya dawo gida na farko ko daga ina yake. Manhajoji irin su Anki suna yin wannan lissafi da kansu. Sababbin katuna 15 zuwa 20 a yini sun isa, domin kowane sabo bashi ne da za a riƙa biya a kwanaki masu zuwa, wanda ya zuba ɗari a rana ɗaya kuwa cikin mako zai gudu ya bar su.

Amma kada a yi kati kafin a fahimta. Wanda ya gane yadda jini ke zagayawa daga zuciya zuwa huhu ya dawo, sunayen ɗakunan zuciya huɗu da ƙofofinsu za su samu wurin rataya. Zane daga ka shi ne gwajin gaskiya: farar takarda, ka zana, ka sa sunaye, ka buɗe littafi ka gyara da jan alƙalami, gobe ka sake. Harshe kuma minti 20 zuwa 30 kullum yake so, da furtawa da baki, ba zaman sa'o'i uku sau ɗaya a mako ba.

Kwasa-kwasan hujja

Tarihi, falsafa, adabi, kimiyyar siyasa da ilimin zamantakewa su ne ɗaliban kimiyya suka fi rainawa, su kuma suke ba su mamaki. Ɗalibi ya rubuta shafi huɗu cike da bayanai na gaskiya ya tashi da C, ya rasa dalili. Dalilin shi ne ba a tambaye shi abin da ya faru ba, an tambaye shi matsayarsa ne da hujjarta. Idan aka ce a tattauna musabbabin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kowa ya san an kashe Franz Ferdinand, yarima mai jiran gadon daular Austria-Hungary, a Sarayebo ranar 28 ga Yunin 1914. Maki yana wurin wanda ya bayyana me ya sa kisan mutum ɗaya da matarsa ya ja manyan ƙasashen Turai cikin yaƙi a 'yan makonni: ƙawancen da ya ɗaure su, tseren makamai, kishin ƙasa a yankin Balkan, sa'an nan ya faɗi wanne ya fi nauyi a ganinsa, ya kawo hujja, ya kuma amsa wa wanda zai ce a'a.

Saboda haka karatun nan da tambaya ake shigarsa. Jerin littattafan da malami ya bayar ba a karanta shi daga bango zuwa bango. Ka fara da gabatarwa da kammalawar babi ko maƙala, ka duba kanun ciki, sa'an nan ka shiga inda ya shafi tambayarka. Bayan ka gama, ka rufe ka rubuta abu huɗu a rabin shafi: me marubucin yake iƙirari, da wace hujja, ina rauninsa, da wa ya saɓa. Ka lura kuma da bambancin tushe na asali, kamar wasiƙa ko yarjejeniya ko nassin da ake nazari, da sharhin da masana suka yi a kansa daga baya. Malamai suna ba wanda ya taɓa na asalin maki na daban. A adabi babu abin da ke maye gurbin karanta nassin kansa, taƙaitawar intanet ba za ta ba ka layin da za ka kafa hujja da shi ba.

Atisayen waɗannan kwasa-kwasai shi ne tsara amsa. Ɗauki tsohuwar tambaya, ka ba kanka minti goma: matsaya a jimla ɗaya, hujjoji uku kowace da misalinta, suka ɗaya da martaninta. Biyu a mako sun isa, kuma sau ɗaya a mako biyu ka rubuta ɗaya cikakkiya da agogo a gabanka.

Shari'a tana tsakanin wannan jinsi da na lissafi. Ana ba ka labari ka fitar da batun da ake jayayya a kai, ka kawo dokar da ta shafe shi, ka ɗora ta a kan abin da ya faru, ka yanke. Mafi yawan maki a mataki na uku yake, mafi yawan ɗalibai kuma a na biyu suke ƙarar da tawadarsu. Tattalin arziki shi ma baki biyu gare shi: duk zanen da ka yi ka iya faɗinsa da kalmomi, duk bayanin da ka yi ka iya zana shi.

Ɗakin gwaje-gwaje

Yunit ɗinsa kaɗan ne amma yana cin lokaci, don haka a kama shi da tsari. Karanta takardar gwajin tun daren jiya, ka zana teburin da za ka zuba alƙaluma kafin ka shiga. Ka rubuta kowane awo kai-tsaye a littafinka da biro, tare da ma'auninsa. Wanda ka kuskure ka ja masa layi ɗaya ya kasance yana karantuwa. Ka san kuma dalilin kowane umarni. A gwajin lilon fendulum (abu mai nauyi da aka rataye da zare), wanda ake auna ƙarfin jan ƙasa da shi, alal misali, ana cewa a auna lokacin zagaye 20 a raba, domin hannun mutum yana iya makara da kamar kashi biyu cikin goma na daƙiƙa wajen danna agogo. Fendulum mai tsawon mita ɗaya yana ɗaukar kusan daƙiƙa 2 a zagaye, kuskuren ya zama kashi 10 cikin 100. A kan daƙiƙa 40 kuwa ya koma rabin kashi ɗaya. Idan sakamakonka bai fito 9.81 ba, wato sananniyar ƙimar jan ƙasa, kada ka taɓa alƙaluman don su dace. Wannan ha'inci ne, malamai kuma suna gane alƙaluman da suka cika kyau. Bayanin dalilin saɓanin shi ne sashen da ya fi ɗaukar maki. Rubuta rahoton cikin kwana ɗaya ko biyu, tun kana tuna abin da ya faru a kan teburin.

Rubutu da ambaton madogara

Kowane fanni da salon ambatonsa: APA a ilimin halayyar ɗan Adam da na koyarwa, MLA a adabi, Chicago a tarihi, IEEE a injiniyanci, Vancouver a likitanci. Mai kwasa-kwasai a sassa uku yana iya buƙatar salo uku a zango ɗaya, don haka ka tambayi kowane malami. Manhajar Zotero kyauta ce, tana ajiye madogara tana sauya salo. Yawancin satar rubutu da ake kama ɗalibai da ita daga sakaci take farawa: an kwafi jimla cikin littafin rubutu ba a sa mata alama ba, bayan wata ɗaya an ɗauka ta kai ce. Duk abin da ka kwafa kalma da kalma ka sa masa alamar zance da lambar shafi nan take. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuma suna iya ƙago sunan littafi ko maƙalar da babu ita. Kada ka ambaci abin da ba ka buɗe da idonka ba, ka kuma san dokar kwas ɗinka a kansu.

Idan wani kwas ya fara suɓucewa

Alamar tana fitowa a mako na huɗu ko na biyar: ka daina gane lakca, ka fara guje wa littafin. Ka je wurin malami ko mai taimaka masa a lokacin da ya ware wa ɗalibai, da takardar da ke nuna inda ka tsaya. "Malam, na kai wannan layin, ban ga yadda aka samu na gaba ba" tana samun amsa. "Ban gane komai ba" ba ta samu. Rukunin karatu na mutum uku zuwa biyar yana taimako idan kowa ya yi aikinsa kafin a haɗu, aka kuma riƙa yi wa juna tambayoyi. Idan mutum ɗaya ne ke bayani sauran suna saurare, shi kaɗai ke ƙaruwa. Ka san ranar ƙarshe da jami'arka ta yarda a ajiye kwas na zaɓi ba tare da ya shiga sakamako ba. Ajiye shi a kan lokaci ya fi ɗaukar F.

Makonnin jarrabawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da jadawalin jarrabawa ya fito, ka lissafa daga baya zuwa gaba. Jarrabawar da ta biyo bayan wata da kwana ɗaya dole a gama shirinta kafin ta farkon, domin wannan daren ba zai ɗauki sabon abu ba. Mako uku kafin farawa, ka zauna da tsohuwar takarda guda ta kowane kwas, littafi a rufe, agogo a buɗe, ka duba inda ka zube, a nan sauran lokacin zai tafi.

A cikin ɗaki, raba lokaci da maki. Jarrabawar sa'o'i uku minti 180 ce. Ka ware 15 na karanta tambayoyi da duba amsa, saura 165, tambaya mai maki 20 cikin 100 ta samu minti 33. Idan lokacinta ya cika ka bar fili ka wuce. Makin farko na kowace tambaya ya fi na ƙarshe sauƙin samu, don haka amsa biyar matsakaita sun fi huɗu masu kyau da ɗaya babu komai. A lissafi ka nuna kowane mataki, ana ba hanya maki ko da amsa ta kauce. Barci kuma cikin shiri yake, domin a cikinsa ne ƙwaƙwalwa ke daddale abin da aka koya. Wanda ya kwana ido biyu a kwasa-kwasan warware matsala ya fi jin jiki, inda kuskuren alama ɗaya ke rushe shafi guda.

Idan sakamako ya fito, ka gwada shi da takardar rajistarka kwas bayan kwas da yunit ɗinsu, ka kai ƙorafin duk wanda ya ɓace ko aka rubuta ba daidai ba ga sashe a rubuce, cikin wa'adin da aka tsayar. Kwas ɗin da ka faɗi kuma za ka maimaita, ka duba ko lokacin lakcarsa ya ci karo da na sababbin kwasa-kwasanka tun kafin rajista, ka rage na zaɓi don ya samu wuri, ka shiga ajin daga makon farko, ka kuma yi gwaji da jingarsa sabo idan dokar sashe ta buƙaci haka.